Mu Gani a Ƙasa: Tarihin Dabbobi Masu Bin Sawu, Daga Tatsuniya Zuwa Littafin Zane

A 'yan shekarun nan wani nau'in littafi ya mamaye kantunan littattafan yara a Turai da Amurka. Labari ne da ake bayarwa cikin zane, gida-gida a kan shafi, magana tana fitowa daga bakin taurari a cikin 'yan da'irori, taurarin kuwa dabbobi ne da aka ɗora wa aikin ɗan sandan ciki. A 2016 Dav Pilkey ya fito da Dog Man, ɗan sanda mai kan kare da jikin mutum. A 2020 John Patrick Green ya biyo da InvestiGators, wasu kadoji biyu, Mango da Brash, masu bi ta magudanan ruwa na ƙarƙashin birni suna farautar masu laifi. Kafin su, tun 2000, Italiya ta fitar da Geronimo Stilton, ɓeran da ke shugabantar gidan jarida, wanda daga baya aka mayar da labaransa zuwa zane. Tsarin kusan ɗaya ne: wani abu ya ɓace ko an yi ɓarna, ba a san wanda ya aikata ba, sai dabba mai basira ta bi alamu ɗaya bayan ɗaya, yaro mai karatu yana biye da ita, har a kai ga mai laifi.

Duk Bahaushen da ya buɗe irin wannan littafi zai ji kamar ya san mutanen ciki. Ai mu ma muna da ɓarawo da ya fi kowane ɓarawo suna, wato Gizo. Muna da Dila malamin daji. Muna da Kura wadda ba a taɓa rasa laifin da za a rataya mata ba. Muna da Zaki a gadon sarauta yana jiran a kawo ƙara. Kayan aikin sun cika tun kafin Bature ya san hanyar Katsina. To me ya sa har yau yaron da ke aji huɗu a Matazu ko Musawa ba ya riƙe da littafin zane na Hausa wanda Dila ke bin sawun ɓarawo a cikinsa? Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin ya rabu gida uku waɗanda ba su taɓa haɗuwa sosai a wuri ɗaya ba: tarihin dabbobin, da tarihin bin sawun, da tarihin zanen.

Dabbobin sun fi kowa daɗewa. A yankin noma na kudancin Katsina lokacin tatsuniya shi ne kaka da farkon rani, an kai amfani gida, dare ya yi tsawo, tsofaffi mata suna kaɗi da mazari, domin ƙasar auduga ce tun kafin a kafa injin gurza a Funtuwa. Ana cewa "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa. Mafi yawan tatsuniyoyinsa labaran laifi ne tsantsa: ya cinye abincin da aka ba shi ajiya, ya saci gyaɗar gonar sarki, ya yaudari giwa da dorina, ya jefa Kura cikin masifa ya tsira. Sai dai akwai abin lura a nan, kuma shi ne ginshiƙin wannan maƙala. A tatsuniya mai sauraro ya san ɓarawo tun daga jimlar farko. Muna tare da Gizo lokacin da yake satar, muna dariyar dabararsa, abin da muke jira kawai shi ne mu ga yadda ranar mai kaya za ta zo. Labarin bin sawu kuwa a juye yake tafiya: yana farawa daga rumbun da aka fasa, ya koma baya yana neman hannun da ya fasa shi.

Hanyoyin da asiri ke tonuwa a tatsuniya su ma sun nuna haka. Wani lokaci rantsuwa ce: a kai waɗanda ake zargi bakin kogi, kowa ya shiga ya rantse, ruwa ya haɗiye mai laifi, ko a sa su tsallake rami, ƙafar maƙaryaci ta zame. Wani lokaci tsuntsu ne zai sauka a kan reshe ya rera abin da ya gani. Wani lokaci tarko ne, kamar budurwar danƙo da manomi ya kafa a gona, Gizo ya mare ta don ta ƙi amsa gaisuwa, hannunsa ya maƙale. A dukkan waɗannan gaskiya ce take zuwa da ƙafarta, babu wanda ya zauna ya auna alamu ya ciro ta. Wanda ya fi kusa da yin haka shi ne Dila a matsayin alƙali. A labarin nan da mutum ya ceci mugun dabba daga tarko, dabbar ta juyo za ta cinye shi, Dila yakan ƙi yanke hukunci, ya ce shi bai gane ba sai an koma wurin an nuna masa yadda abin ya faru. Da dabbar ta koma cikin tarko, shari'a ta ƙare. Wannan komawa wurin da abu ya faru dabara ce da kowane mai bincike na zamani ya san ta, ko da yake Dila ba sanin gaskiya yake nema ba, ya riga ya san ta, yaudara kawai yake shiryawa.

Ɓoye amsa da sa yaro ya nemo ta yana da nasa gurbi a wajenmu, amma a wani ɗakin daban: kacici-kacici. A nan ne ake jefa wa yaro siffa biyu ko uku a ce ya gano abin, in ya kasa ya ba da gari kafin a faɗa masa. Ke nan al'adarmu ta raba aikin biyu, ta ba tatsuniya laifi da taurari, ta ba kacici-kacici ɓoyo da hasashe, alhali kuwa a zama ɗaya ake yin su, a kan tabarma ɗaya.

Shi kuwa bin sawu, kafin ya zama labari, sana'a ce. Maharbi yana duban ƙasa ya faɗa maka ko gada ce ta wuce ko barewa, da safe ne ko tun daren jiya. Makiyayi yana gane sawun saniyarsa a cikin na garke, ya bi shi har bakin wani gari, ya sallama wa mai unguwa. A kasuwar dabbobi dillali yana duban shaidar da aka yi wa dabba a kunne ko a cinya kafin ya sa baki a ciniki. Masanin tarihi ɗan Italiya, Carlo Ginzburg, ya yi hujja a wata maƙala ta 1979 cewa asalin labarin gano mai laifi yana komawa ne ga maharbin da ya fara karanta sawu a ƙasa ya gina labarin dabbar da bai gani ba. In haka ne, babu abin da ke baƙo gare mu a cikin wannan fanni face takarda.

Ta fuskar karatu ma haka abin yake. Yaron da ya kai Suratu Yusuf a makarantar allo ya riga ya haɗu da dabbar da aka yi wa ƙazafi: 'yan'uwa sun kawo riga da jinin ƙarya suka ce kerkeci ne, masu tafsiri kuma suka ruwaito cewa mahaifin ya lura rigar ba ta yage ko'ina ba, wace irin dabba ce za ta ci mutum ta bar rigarsa lafiya? A gaba kaɗan cikin surar wata rigar ta sake zama shaida, aka duba ko ta gaba ta yage ko ta baya, aka gane mai gaskiya. Larabawa suna da labarin 'ya'yan Nizar huɗu da suka siffanta wa wani mutum raƙuminsa da ya ɓace ba tare da sun gan shi ba: mai ido ɗaya ne, domin gefe ɗaya kawai ya ci ciyawa, ba shi da wutsiya, domin kashinsa a tare ya zuba, haka dai har mai raƙumi ya kama su ya ce su ne ɓarayin. Wannan labari ya bi ta Farisa ya shiga Turai, Voltaire ya yi irinsa a Zadig a 1747.

Amma babban misali shi ne Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci daga tsohon harshen Farisa wajen shekara ta 750, asalinsa kuwa daga Indiya. Kalila da Dimna diloli ne biyu a fadar zaki. Dimna ya shiga tsakanin zaki da amininsa sa da annamimanci har zaki ya kashe san. A asalin Indiya nan labarin ya tsaya, makirci ya yi nasara. A Larabci sai ga babi guda na binciken al'amarin Dimna, wanda masana suka tafi a kan cewa Ibnul Muƙaffa ne ya ƙara shi: damisa ta ji Kalila yana yi wa ɗan'uwansa faɗa cikin dare, ta gaya wa uwar zaki, aka kama Dimna, aka kafa shari'a, ya yi ta kare kansa da fasahar harshe, har sai da shaida ta biyu ta fito daga wanda ya ji maganarsu a kurkuku, sannan aka hukunta shi. Ga dabbobi, ga laifi, ga shaidu biyu kamar yadda alƙali ke buƙata. Kuma tun ƙarni na 13 ana kwafe wannan littafi da zane-zane masu launi a ƙasashen Larabawa, dilolin nan biyu suna fuskantar juna a tsakiyar shafi. In ana neman kakan littafin zane mai dabbobi da bincike, a ganina ba sai an je Landan ba.

Shigar dabbobinmu cikin rubutun boko ta zo ne ta hannun baƙi, kuma ba don yara ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, inda ɗan mishan J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da ya faɗa. Daga nan aka sami Magana Hausa a 1885, da tatsuniyoyi a ciki. Bayan cin ƙasar Hausa, Razdan Burdon ya sa malamai a Sakkwato suka rubuta masa labarai da ajami, Frank Edgar ya mayar da su boko ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a Belfast tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin Tremearne da Rattray su ma suka fitar da nasu tarin, na Rattray daga alƙalamin Malam Shaihu a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Waɗannan littattafai taska ce, ba don su ba da tatsuniyoyi da yawa sun bi tsofaffi kabari. Sai dai an yi su ne domin jami'in mulkin mallaka ya koyi Hausa ya ci jarrabawa, ya kuma fahimci tunanin waɗanda yake mulka. Gizo ya shiga littafi, amma littafin yana kan teburin Joji, ba a hannun yaron da aka ƙirƙiri Gizo dominsa ba.

Abin ya sauya da Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, ta koma Zariya, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. Gasar da East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Bayan haka ne ya nemi a ba shi aron wani matashin malami daga Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, wanda ya je Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga juzu'insa uku daga 1937 zuwa 1939. A nan ne karon farko dabba ta riƙe ragamar babban littafin Hausa da aka yi don 'yan makaranta. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a hannun aku. Waziri yana ƙulla makirci a ɓoye. Aku yana riƙe Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. A ƙarshe asirin waziri ya tonu, aku ya gaje kujerarsa.

Akun Imam ya yi kusa da zama ɗan sandan ciki na farko a adabinmu, sai dai abu ɗaya ya hana: shi masani ne, ba mai nema ba. Yana sanin abin da zai faru kafin ya faru, mai karatu kuma ya san muguntar waziri tun farko, don haka tsarin tatsuniya ne ya ci gaba a cikin sabuwar riga. Binciken da Farfesa Ibrahim Malumfashi da wasu manazarta suka yi ya nuna yadda Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Grimm na Jamus da wasunsu, ya narkar da su suka zama Hausa. Daga cikin na Grimm akwai na kyanwa da ɓera da suka yi ajiyar abinci tare, kyanwa tana fita da sunan an gayyace ta suna tana cinyewa a ɓoye, kowane suna da ta ce an raɗa wa jariri kuwa yana nuni ne ga inda ta kai a cikin tukunya. Alamu ke nan a jere, a bakin mai laifi. Ɓera bai haɗa su ba sai da ya ga tukunya wayam, lokacin da ganewa ba ta da sauran amfani. Yaro mai kaifin hankali yakan riga ɓera ganewa, wannan ɗan daɗin na riga tauraro gano gaskiya kuwa shi ne dukkan jarin labarin bin sawu.

Abin mamaki, yankinmu bai yi ƙarancin marubuta ba a zangon da ya biyo. A farkon shekarun 1950 Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, Garba Funtuwa ya rubuta Gogan Naka, Tanko Zango kuma ya kawo labarin ɓarayi a Da'u Fataken Dare. Jarumtaka da ƙarfi da yawon duniya su ne abin yayi. Da aka zo 1982, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo fasa-ƙwauri, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya shiga duniyar manyan masu laifi, amma waɗannan na manya ne, kuma dabbobi sun riga sun fice daga fage. An bar su a littattafan firamare da tarin Ibrahim Yaro Yahaya, Tatsuniyoyi da Wasanni, na farkon shekarun 1970. Adabin kasuwar Kano da ya taso daga tsakiyar shekarun 1980 ya buga littattafai ba adadi, ya koya wa dubban mata karatu, amma soyayya da zaman aure ne suka fi sayuwa, mai sayen kuma budurwa ce ko matar aure da kuɗinta. Ɗan shekara tara ba shi da aljihu, saboda haka kasuwa ba ta yi masa tanadi ba.

Tarihin zane shi ya fi sauran gajarta. Akan yi saurin cewa addini ne ya hana, amma maganar ta fi haka faɗi. Malaman Malikiyya sun bambance tsakanin sura mai inuwa, wato gunki cikakke, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko bango, sun tsananta a kan na farko, sun sassauta a kan na biyu, sun kuma yarda da 'yar tsanar yara mata. Duk da haka hannun mai fasaha a ƙasar Hausa ya fi karkata ga zayyana: dagi a fuskar soro, aska takwas a wuyan riga, adon allon sauka, sassaƙar ƙwarya. Al'adar zana fuska mai fushi ko mai tsoro, a maimaita ta sau ɗari a littafi ɗaya ba ta canza kama ba, ba ta sami gidan koyo ba. Ga kuma tsada: shafin zane yana cin takarda da tawada da lokacin mai zane fiye da shafin rubutu nesa ba kusa ba. Magana Jari Ce ya fito da 'yan zane-zane, ƙasidun Yaƙi da Jahilci na zamanin NORLA a shekarun 1950 su ma haka, Zariya ta kuma fitar da labarin barkwanci cikin zane, Sauna Jac, amma zane ya zauna ne a matsayin ɗan rakiyar rubutu. Lokacin da samarin Kano da Kaduna suka fara cin karo da ɗan sandan ciki a cikin hoto, a ƙarshen shekarun 1960, da Turanci ya zo musu: Lance Spearman na mujallar African Film, baƙar fata cikin kwat da hula, hotuna ne na kyamara aka jera aka sa musu magana. Mujallar ta mutu a farkon shekarun 1970, talabijin da finafinan Indiya suka cike gurbin.

Wanda ya fi kowa kusantar haɗa zane da dabbobi a ƙasar Hausa yana tsallaken iyaka. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da jan kafet da faretin soja da dukkan shagalin da shugabannin sababbin ƙasashe suka ɗauko. Daga baya, yana zaune a Tawa, ya yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawa irin ta gargajiya a fage. Ba labarin bincike ya yi ba, amma ya tabbatar da abin da mai tatsuniya ta daɗe da sani, cewa abin da ba ya faɗuwa a kan mutum yana faɗuwa a kan kwaɗo, kowa ya yi dariya, kowa ya gane da wa ake.

Su Turawa ta wata hanya suka bi. Labarin da ake ɗauka shi ne na farko a fannin gano mai laifi, wanda Edgar Allan Poe ya buga a 1841, dabba ce ta yi kisan a cikinsa, wani goggon biri da ya kuɓuce wa mai shi a birnin Faris. Akwai wani abu a labarin da ya kamata ɗalibin adabi ya tsaya a kansa: shaidu da dama sun ji muryar mai kisan, kowannensu ɗan wata ƙasa daban, kowanne kuma ya rantse baƙon harshe ne, ya ambaci harshen wata al'umma da shi kansa ba ya ji. Kukan dabba ne, amma kunnen kowa ya ji baƙon da yake zargi. A wani labarin Sherlock Holmes na 1892 doki ne ya yi kisan, alamar da ta buɗe sirrin kuwa ita ce karen da bai yi haushi ba cikin dare, wato wanda ya shigo ɗan gida ne. A 1958 kuwa Eve Titus ta mai da dabba mai binciken, ta ƙirƙiri ɓera Basil da ke zaune a ƙarƙashin gidan Holmes yana koyon sana'arsa, Disney ya mayar da shi fim a 1986. Daga nan hanya ta buɗe har zuwa kadojin 2020.

Me zane ya ƙara wa wannan fanni? A rubutu, in marubuci ya ce akwai gashi fari maƙale a ƙofar rumbu, ya riga ya nuna wa mai karatu da yatsa. A zane kuwa gashin yana iya zama a lungun hoto, ba a ce komai a kansa ba, yaron da ya gani ya gani, wanda bai gani ba zai koma baya ya duba bayan an tona. Ido ne ke aikin da kunne ba ya iyawa. Wannan yana da muhimmanci a inda yara da yawa ke kai aji uku suna haɗa baƙi da wasali da ƙyar: hoto yana riƙe su a cikin labarin har kalmomi su iso. Dabba kuma tana sauƙaƙa wa mai zane da mai karatu, domin ba a rikita kunnen zomo da na jaki, ba a kuma tambayar garinsu ko ƙabilarsu.

Sai dai a nan ne haɗarin yake, kuma ya shafe mu fiye da yadda ya shafi yaron Amurka. Dabbar tatsuniya halinta a jininta yake. Kura ɓarauniya ce don an haife ta kura. Ba a ba ta ajiyar nama, ko ta rantse ba a yarda. Yaron da ya tashi da wannan kaɗai ya koyi cewa ana gane mai laifi daga jinsinsa. Masu zanen Turai da Amurka sun lura da wannan tarko: Art Spiegelman ya zana Yahudawa ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi a Maus, sannan ya yi ta nuna a cikin littafin yadda rabon bai zauna daidai ba, juzu'i na biyu na Blacksad, a 2003, a kan wata ƙungiya ce ta dabbobi masu farin gashi da ke ƙin masu baƙi. Mu kuwa muna zaune ne a yankin da satar shanu da garkuwa da mutane suka addaba fiye da shekara 10, daga dajin Rugu har ƙauyukan Matazu da Musawa da Ɗanmusa, inda zargi kan faɗa wa mutum saboda shigarsa ko harshensa, inda kuma ihun "ɓarawo" a kasuwa kan ƙare da gawa kafin kowa ya tambayi abin da aka sata. Labarin bin sawu, in an yi shi da gaskiya, ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda kowa ya fara nunawa da yatsa galibi ba shi ba ne. A ce an wayi gari akuyar Zaki ta ɓace, dawa duka ta taru a ƙofar ramin Kura, ga jini a bakinta. Dila ya duƙa ya ga sawun da ya fita daga garke ba na mai ja ba ne, na mai kora ne, igiyar kuma kwance ta aka yi, ba tsinke ta ba, Kura kuwa ba ta iya kwance ƙulli. Jinin bakinta na mushen jaki ne da ta ci a bayan gari. Kura ba ta zama waliyyiya ba, tana nan da kwaɗayinta, wannan laifin ne dai ba nata ba. Tsohuwar tatsuniya ba ta cika ba Kura irin wannan dama ba. A can ita ce da shan bugu, Gizo da karɓar kuɗi.

Yau kayan aikin sun fi kowane lokaci kusa da juna. Shirin RANA, wanda ya fara aiki a makarantun firamare na Katsina da Zamfara daga 2015, ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa masu hotuna. Taskar African Storybook tana da labaran Hausa masu zane kyauta a intanet. Adamu Waziri ya nuna da Bino and Fino tun 2010 cewa ana iya yin zane mai motsi na yara a Abuja. Sai dai yawancin waɗannan gajeru ne, an yi su don koyar da harafi ko wanke hannu, ba don yaro ya ƙi barci sai ya ga ƙarshe ba. Masu zane kuma suna nan: wanda ya tsaya a bakin titin Funtuwa ya kalli bayan manyan motoci zai ga zaki da giwa da mikiya da aka zana da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana yaye ɗaliban zane duk shekara.

Duk wanda ya fara ɗaukar fensir zai ci karo da wata tambaya da mai tatsuniya ba ta taɓa buƙatar amsawa ba: yaya kamannin Gizo suke? Sunansa na gizo-gizo ne, yakan kuma gudu ya maƙale a saƙarsa in ta ɓaci, amma yana noma, yana sa riga, yana hawa doki, yana zuwa fada ya yi gaisuwa. Matarsa Ƙoƙi sunan ƙwaro take ɗauke da shi, ƙoƙi-ƙoƙi, amma tana daka tana tuƙa tuwo. A cikin duhun ɗaki kowane yaro yana zana nasa Gizon a zuci, ƙafa takwas a wannan jimla, ƙafa biyu a mai bi mata, ba wanda ya damu. Takarda ba ta yarda da haka. A labarin bin sawu kuwa matsalar ta ninku, domin kafin Dila ya duƙa a bakin rumbu ya ce ga inda ɓarawo ya bi, dole mai zane ya riga ya yanke ko sawu nawa Gizo yake bari a ƙasa.